Motar Da Ke Warkewa In Ta Ga Makaniki

Iyaye mata sun san irin ciwon nan da ke ɓuya in ya ga likita. Uwa ta kwana zaune da yaro, jikinsa kamar garwashi. Gari na wayewa ta goya shi zuwa asibiti, suna shiga layi sai ya zame daga bayanta ya kama wasa. Mota ma tana da irin wannan ciwo. Yau ta tashi bugu ɗaya, gobe a murɗa makulli a ji shiru. A kai ta wurin makaniki, ta yi ta aiki lafiya lau kamar mai jin kunyar baƙo. A komo gida, ciwo ya komo.

A wannan wata za mu yi magana a kan wannan ciwo, musamman a tsofaffin motocin daji masu ja da ƙafa huɗu, irin su Land Rover da Toyota Land Cruiser, waɗanda ke bin hanyoyin ƙauyukan Yauri da Ngaski da Shanga. Maganar ta shafi direba. Ta shafi ma'ajin ikkilisiya mai fitar da kuɗin gyara, ta kuma shafi uwargida da ke zaune a tsakar gida tana jiran ƙarar mota.

Daren da fitila ta mutu

Gundumar ikkilisiyarmu tana da wata tsohuwar Land Rover mai shan fetur, irin wadda ake kira Series III, wadda aka yi ta ƙerawa a Ingila daga 1971 zuwa 1985. Ta girmi direbanta. Ita ce ke kai masu bishara ƙauyukan bakin ruwa, ita ce ke ɗaukar amarya, ita ce ke ɗaukar gawa. In kuma ciwo ya tashi da dare, ita ce motar asibiti.

Wani dare cikin watan Agusta aka aiko daga wani ƙauye a ƙasar Ngaski, kusa da bakin tafkin Kainji, cewa matar mai bisharar wurin tana kan gwiwa tun jiya, haihuwa ta ƙi zuwa. Muka tafi, ni da direba. Muka shimfiɗa mata katifa a baya, mijinta da unguwarzoma suka riƙe ta, muka kama hanyar Yelwa. Hanyar jar ƙasa ce, ruwa ya zaizaye ta, gargada ko'ina. Ba mu kai kwalta ba sai fitila ta ƙifta sau biyu, ta mutu. Inji ma ya ɗauke a lokaci guda, kamar an yanke shi da wuƙa.

Direba ya murɗa makulli, shiru. Ko 'yar jar fitilar nan ta gaban direba ba ta kama ba. Ya danna oda, ba ta yi ƙara ba. Ya buɗe bonet, na haska masa da wayar hannuna, ya ƙwanƙwasa kan batir da dutse, ya sake murɗawa, shiru. Muka tura, a banza. Daga bayan mota muna jin nishin matar, da muryar unguwarzoma tana cewa, "Sannu 'yar nan, daure." Mijin ya durƙusa cikin laka yana addu'a, mu ma muka durƙusa tare da shi.

Mun yi wajen minti 40 a wurin. Da direba ya rasa abin yi, sai ya saki bonet da ƙarfi, ya faɗi garam. Nan take jar fitila ta kama, fitilun gaba suka haska daji. Ya murɗa, mota ta tashi bugu ɗaya. Muka isa asibiti a Yelwa kafin asuba, aka yi mata aiki, aka ciro ɗa namiji da rai. Mun gode wa Ubangiji, har yau muna gode masa. Amma Allahn da ya ji addu'armu a daren nan shi ne ya ba mu hankali, ya kuwa riga ya yi mana gargaɗi sau da yawa, mu ne ba mu ji ba.

Gama ba ranar ce ta fari ba. Wata biyar ke nan motar tana wannan hali. An sayi sabon batir. An canja koyil. An canja fulogogi. Kuɗin baiko ya yi ta tafiya. Bayan kowane gyara sai ta yi mako biyu lafiya, a ce an dace, sa'an nan ta sake. Surutu ya fara. Waɗansu suka ce tun ran da ta ɗauko gawar wanda ya nutse a ruwa ba ta ƙara zama daidai ba, akwai iska a jikinta. Waɗansu kuwa, har da dattawa, suka fara yi wa direba wani irin kallo, wai watakila yana musanya sababbin kaya da tsofaffi. Yaro ne mai mata da 'ya'ya biyu. An riga an sa maganar sallamarsa cikin abin da za a tattauna a taron dattawa mai zuwa.

Tsohon da ya fara da tambaya

Da gari ya waye, kafin mu bar Yelwa, wani ɗan'uwa ya kai mu wurin wani tsoho mai gyaran wutar mota, irin waɗanda ake kira riwaya. Na zaci zai buɗe bonet nan da nan. Sai ya ba mu benci, ya zauna, ya dubi direba.

"Yaro, in ta mutu, me da me ke mutuwa tare da ita?"

"Kome da kome, Baba. Fitila, da oda, da jar wutar nan."

"A kan kwalta take yi, ko a gargada?"

"A gargada, Baba. Ban taɓa ganin ta yi a kwalta ba."

"In ta farfaɗo, me ka yi mata?"

Direba ya yi tunani, ya ce wani lokaci rufe ƙofa ne, jiya kuwa bonet. Tsoho ya juyo wurina ya ce, "Malam, batirinku lafiyarsa ƙalau. Wanda kuka yar ma, ina jin lafiyarsa ƙalau. Batir da ya mutu ba ya farkawa don an buga ƙofa. In reshe ɗaya ya bushe, a duba reshen. In itace duka ya bushe rana ɗaya, a duba gindi."

Ya kunna fitilun gaba, ya sa direba ya tsaya a gaban mota, in ya ga sun ƙifta ya yi magana. Sa'an nan ya fara kama wayoyi ɗaya ɗaya yana girgizawa a hankali. Ya fara daga kan batir. Ya bi babbar waya mai kauri har zuwa ɗan ƙaramin abin nan da ke miƙa wa sitata wuta, wanda ake kira solonoyid. A can akwai wayoyi masu launin ƙasa ɗaure a kan ƙusa ɗaya. Yana taɓa ɗaya daga ciki, sai direba ya ɗaga murya, "Ta ɗauke, Baba!" Ya saki, wuta ta komo. Ya sake taɓawa, ta ɗauke.

Ya zare robar da ke wuyan wayar ya nuna mana. Ta yi kore, ta karye a cikin rigarta, daidai inda aka matse ta da zoben ƙarfe. Bakunan biyu suna taɓa juna ne kawai. In mota ta girgiza su rabu, in an buga ƙofa su sake haɗuwa. Ita ce kuwa wayar da ke kai wuta ga makulli da fitilu da sauran kaya duka. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya sa sabon zobe, ya liƙe da dalma, ya goge ƙusar, ya ɗaure tam. Duka aikin, har da tambayoyin, bai kai awa ɗaya ba. Kuɗin da ya karɓa bai kai na kaza ba.

Hanyar zuwa da hanyar komowa

Mu mutanen bakin tafki mun san tsadar wutar lantarki. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon wajen kilomita 130, ya haɗiye tsibirai da gonakin albasa na Gungawa da tsohon garin Busa, aka ta da mutum fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Duk domin a sami wuta. Amma kowa ya sani, injunan Kainji suna iya juyawa da ƙarfinsu, unguwa guda kuwa ta kwana a duhu domin waya ɗaya ta kwance a kan turke. Haka mota take. Batir shi ne tafki. Altaneta, ko dainamo a motocin da suka fi tsufa, shi ne kogin da ke cika tafkin. Wayoyi ne ke kai wutar inda ake bukata.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe: wuta ba ta aiki sai ta tafi ta komo. Tana fita daga kan batir ɗaya, ta bi waya, ta ratsa fiyus da makunni, ta shiga ƙwan fitila, sa'an nan ta komo ɗaya kan batir. Amma masu ƙera mota ba su ja wa kowane abu wayar komowa ba. Ƙarfen motar kansa shi ne hanyar komowa. Shi ya sa aka ɗaure kan batir ɗaya a jikin shasi da gajeriyar waya mai kauri, inji ma yana da tasa wayar da ta haɗa shi da shasi.

Duk inda waya ta sadu da waya, ko ƙarfe ya sadu da ƙarfe, mahaɗa ce, tsohuwar mota kuwa tana da mahaɗai barjat. Yawanci in wani kaya ya mutu, ya mutu ke nan. Ciwon da ke zuwa yana tafiya, sau da yawa mahaɗa ce ta kwance, ko ta yi tsatsa, ko waya ta karye a ɓoye. Saboda haka a fara neman mahaɗa kafin a kwance bakin jaka.

Abin da ke cin waya a ƙasarmu

Na fari, gargada. Kowane rami yana jijjiga kowace ƙusa, yana lanƙwasa waya a wuri ɗaya har ta gaji ta karye.

Na biyu, laima. Kogin Kwara yana kawo mana ruwa sau biyu: farin ruwa na daminarmu, da baƙin ruwa da ke tasowa daga duwatsun ƙasar Gini, ya iso mana cikin hunturu. Tafki yana cike bayan damina ta daɗe da wucewa, motar da ke kwana a bakin ruwa kuwa tana shan raɓa. Ƙurar hunturu ta shiga mahaɗa, raɓa ta jiƙa ta, tsatsa ta sami gida.

Na uku, zafin bazara. A watan Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40. Robar waya ta bushe ta tsage, ruwan batir ya ƙafe da sauri.

Na huɗu, jikin Land Rover. Gangar jikinta alminiyam ne, shasinta baƙin ƙarfe. Inda su biyun suka haɗu, in laima ta shiga, wani farin gari yakan fito, wuta kuwa ba ta ratsa shi sosai. Shi ya sa fitilun bayanta ke yawan wahalar da mutane.

Na biyar, ɓeraye. Motar da ke ɗaukar dawa da masara da busasshen kifi ba ta rasa baƙi da dare, suna kuwa son gwaguyar waya.

Na shida, hannun mutane. Wannan ya ƙara rediyo, wancan ya ƙara wurin cajin waya, kowa ya feɗe waya ya murɗa da yatsa ya naɗe da leda. Kowane irin ƙullin nan ciwo ne mai jiran ranarsa.

Littafi da fensir

Ruwa ba ya tsami banza. Ciwon da ke zuwa yana tafiya yana da lokacinsa, sai dai ba a lura ba. A ajiye ɗan littafi a cikin mota. Duk ran da ta yi, a rubuta abu huɗu: wace irin hanya, inji da zafi ko da sanyi, me da me suka mutu tare, me aka yi ta farfaɗo. Yaron makaranta ma yana iya riƙe wannan littafi. Bayan sau uku ko huɗu, littafin zai fara nuna ɓarawon. Ga waɗansu alamu:

In inji ya yi tari, ya ja, ya sake tari kafin ya mutu, a fara zargin mai, wato datti a tanki ko a kafireta. In ya ɗauke farat ɗaya, a zargi wuta.

In kome ya mutu tare, a duba gindi: kawunan batir, da manyan wayoyi, da ƙusar solonoyid. In fitila tana ci amma inji ya mutu, a duba makulli da hanyar koyil.

In a gargada take yi, wani abu ya kwance ko ya karye a ɓoye. A motar fetur mai kontak, akwai wata siririyar waya a cikin distiributa da ke motsi kullum, takan karye a cikin rigarta.

In sai inji ya yi zafi take mutuwa, ta huta ta tashi, a zargi koyil ko kondensa.

In da asuba take ƙin tashi, ko bayan an ratsa ruwa, rana ta yi ta tashi, laima ce a murfin distiributa ko a wayoyin fulogi. A share da busasshen tsumma, a duba ko murfin ya tsage.

In fitilu suna dushewa da dare, su yi haske in an taka mai, a duba fambel ko ya saki, a duba wayoyin bayan altaneta.

In an taka birki sai wata fitila dabam ta kama, ko mai nuna kwana ta rikice, hanyar komowa ce ta toshe a wurin fitilun baya, wuta tana neman ɓarauniyar hanya.

In fiyus yana ƙonewa jifa jifa, wata waya ta goge tana taɓa ƙarfe. A duba duk inda waya ta ratsa rami a jikin mota.

In an murɗa makulli aka ji ƙas kawai, ko sitata ya juya da nauyi yau, gobe ya juya lafiya, a duba kawunan batir da wayar da ta haɗa inji da shasi. In wannan waya ta ruɓe, wuta takan bi wayar cok ko ta totur, har a ji sun yi zafi.

Yadda ake bin sawu

Kayan aikin ba su da tsada. Ƙwan fitilar mota ƙarami, a liƙa masa waya biyu, ya zama fitilar gwaji: waya ɗaya a jikin ƙarfe mai tsabta, ɗaya a wurin da ake tambaya, in akwai wuta ya kama. Sai sifana, da sukundireba, da filaya, da takardar goge ƙarfe, da doguwar waya mai kauri, da ɗan basilin. Wanda ya sami mita ya ƙara ido.

1. A fara da batir. In mota ta kwana ba a tayar ba, cikakken batir yana nuna wajen bolt 12.6. In ya nuna 12.2, rabi ne. Sa'ad da ake murɗa makulli bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba. In inji yana aiki, a ga tsakanin 13.8 da 14.4, alamar altaneta yana cika tafki ke nan.

2. A kama kan batir a gwada juyawa da hannu. In ya juya, ya kwance. A cire, a wanke farin garin da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, amma kada ruwan ya shiga cikin batir. A goge har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure tam, sa'an nan a shafa basilin a kai.

3. A bi wayar da ta tafi shasi da wadda ta haɗa inji. A kwance ƙusa, a goge tsatsa da fenti, a mayar. In ana shakka, a ɗauki doguwar waya mai kauri a haɗa inji kai tsaye da kan batir na wajen shasi. In ciwo ya ɓace, an gano shi.

4. A yi gwaji da kaya a kunne. Waya mai sauran zare ɗaya tana iya kunna fitilar gwaji, amma ba ta iya ɗaukar wutar sitata, kamar turbar da akuya ɗaya ke wucewa, garke kuwa ya cushe. Mai mita ya sa baki ɗaya a kan batir na wajen shasi, ɗaya a jikin inji, a murɗa makulli. In ya nuna fiye da rabin bolt, hanyar komowa ba ta da lafiya. Wanda ba shi da mita ya bar fitilu a kunne 'yan mintoci, ya bi mahaɗai yana taɓawa. Mahaɗar da ta yi ɗumi ita ce mai laifi.

5. A girgiza, kamar yadda tsohon nan ya yi. Mutum ɗaya yana kallon fitila, ɗaya yana motsa waya, ɗaya bayan ɗaya. A motsa makulli a cikin raminsa, a motsa fiyus. In sai an tayar da inji, a yi nesa da fanka da fambel, a naɗe hannun riga.

6. A duba akwatin fiyus. Fiyus na gilashi yakan yi kyau a ido alhali bakinsa ya yi tsatsa, ko ƙarfen da ke riƙe shi ya saki.

7. A canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta. Wanda ya canja abu biyar rana ɗaya, ko mota ta warke bai san abin da ya warkar da ita ba. A kuma ajiye tsohon kayan, gama watakila lafiyarsa ƙalau.

A tsofaffin motocin Ingila launin waya yana magana, in ba a riga an sāke su ba. Mai launin ƙasa tana da wuta kullum, ba ta bi ta fiyus ba. Fara tana samun wuta in an buɗe makulli. Koriya ma haka, amma ta bi ta fiyus. Shuɗiya ta fitilun gaba ce, ja ta ƙananan fitilu, baƙa kuwa ta komowa ce. Motocin Japan suna da nasu launi dabam, kada a auna su da wannan.

Abin da ba a yi

Kada a maye fiyus da waya ko takardar azurfa ta kwalin taba. Fiyus mai gadi ne, yana mutuwa domin mota ta rayu. In an kore shi, wayoyi ne za su ƙone, watakila da motar duka.

Kada a cire kan batir inji yana aiki wai don a gwada caji. A zamanin dainamo an saba yin haka, amma yana iya kashe altaneta.

Kada a haska batir da ashana ko aci-bal-bal. Batir yana fitar da iska mai kama wuta, yana iya fashewa. In ruwansa ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a tafi asibiti.

Kafin a sa sifana a kan wayoyi, a fara cire kan batir na wajen shasi, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa. A cire zobe da agogo. A lura kuma, Land Rover da aka ƙera kafin 1967, kan batir mai alamar + aka ɗaure a shasi, na baya kuwa mai alamar −. A duba kafin a haɗa batir, domin juya shi ɓarna ce.

Abu na ƙarshe, kada a ce tun da ta tashi shi ke nan. Ƙiftawar fitila sau ɗaya gargaɗi ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Motar da ita ce motar asibitin ƙauye, a duba ta da rana tsaka a inuwar gida, kafin ta zaɓi nata lokacin cikin daji.

Guntun waya a kan tebur

Ran taron dattawa na ajiye guntun wayar nan a kan tebur, tsawonsa bai kai yatsa ba. Aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Ba wanda ya ƙara maganar iska. Da ya iso hannun dattijon da ya fara kawo zargi, ya daɗe yana juya shi. Sa'an nan ya sa aka kira direba, ya miƙe tsaye a gaban kowa ya ce, "Ɗana, na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba. Ka gafarta mini." Direba ya durƙusa ya ce, "Baba, ba kome, ya wuce." Amma na ga hawaye a idonsa, na kuwa gane wata biyar ɗin nan sun fi masa nauyi fiye da yadda muka sani. Mun yi hasarar kuɗin batir da na koyil, wannan ƙaramin abu ne. Saura kaɗan mu yi hasarar mace da ɗanta, da sunan mutumin kirki, duk domin mun fi saurin zato da bincike.

'Yan'uwa, a cikin Bishara ta hannun Yahaya, sura 15, Ubangijinmu Yesu ya kwatanta kansa da kurangar inabi, mu kuma da rassa, ya koya mana cewa reshe ba ya ba da 'ya'ya sai yana manne da kurangar. A daren nan batirinmu cike yake, fitilunmu lafiyayyu, injinmu lafiyayye, duk da haka muna zaune a duhu. Akwai masu bi da yawa haka. Ran Lahadi suna haske, ran Laraba a kasuwa sun ɗauke. A kan kwalta lafiya lau, da an shiga gargadar ciwo ko bashi ko faɗan gida sai a murɗa a ji shiru. Sukan canja majami'a, su canja fasto, kamar yadda muka canja batir. Ikon Ubangiji kuwa bai ragu ba. Mahaɗa ce ta kwance a wani ɓoyayyen wuri: addu'ar safe da aka bari, Littafi Mai Tsarki da ƙura ta rufe, ɗan'uwa da aka ƙi gafarta wa, zunubin da aka naɗe da leda.

A daren yau, bayan cin tuwo, bari maigida ya tara iyali a karanta surar nan. Kowa ya tambayi kansa tambayoyin tsohon nan na Yelwa: yaushe haskena yake ɗaukewa, a wace irin hanya, me kuma ke mutuwa tare da shi? Sa'an nan a yi addu'a domin direbobinmu da masu gyaran motocinmu, da mata masu ciki a ƙauyukan bakin ruwa da ke nesa da asibiti. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.